Kafin ka ɗauko karen gadin garke, je ka ga uwarshi tukuna

Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo, musamman ku masu ɗan garke a bayan gari, 'yan tumaki da jajayen awaki da kaji da zabbi. Tambayar da ta fi yawa gare mu ma'aikatan dabbobi a 'yan kwanakin ga ita ce ta kare. Wani dila ne ya dame shi, wani karnukan da ba su da mai su ne ke shiga garke da dare su yayyaga 'yan awaki, wani kuma mai ƙafa biyu ne ke zagayowa in Layya ta matso, sai ka ji an ce malam ina zan samu karen gadi, kuma nawa ne. To ni dai amsata ɗaya ce kullum, karen garke ba a sayen shi a shirye. Zaɓen shi ake tun yana kwikwiyo daga gidan da iyayenshi ke wanga aiki, sannan a raine shi cikin dabbobin har ya ɗauka su ne danginshi.

Na san wasu za su fara da maganar addini, kuma daidai ne. Hadisi ya tabbata cewa wanda ya aje kare ladarshi na raguwa kullum, sai dai in karen farauta ne ko na dabbobi ko na gona. Kun ga ke nan naku yana cikin wanda anka yi wa izini. Maganar sayar da shi da cin kuɗinshi kuwa malamai sun yi saɓani, wannan ku tambayi malaminku, amma dai a ƙauyukanmu yawanci kyauta ake ba da kwikwiyo, sai ka yi wa mai shi ɗan tukuici.

Yanzu wane irin kare. Ba kowane kare mai haushi ne karen garke ba. Karen farauta an saba mai da bin abu da gudu, duk abin da ya zabura sai ya bi shi, to ɗan akuya kuwa aikinshi ke nan tsalle da zabura, ka ga ka kawo wa kanka matsala da hannunka. Karen gadin gida kuma mutane ya sani, hankalinshi na bakin ƙofa. Wanda kuke nema shi ne mai sanyin jiki cikin dabbobi, yana kwance tsakiyarsu suna tsallake shi bai damu ba, amma da ya ji baƙon motsi sai ya miƙe ya shiga tsakaninsu da abin yana haushi. Yawancin aikinshi ma ba faɗa ba ne, haushin ga da warin fitsarin da yake yi a kewayen garke sun isa su sa dila ya canza hanya.

A duniya akwai irin da anka sani da wanga aiki, Kangal na ƙasar Turkiyya, Maremma na Italiya, da wani farin ƙato na duwatsun da ke tsakanin Faransa da Sifen. A Namibiya tun 1994 ake raba wa makiyaya 'ya'yan karnukan Turkiyya don su tsare awaki daga namun daji, kuma asara ta ragu sosai, amma ku lura, kwikwiyo ake ba su yana ɗan wata biyu zuwa uku ya tashi cikin awakin, ba babban kare ba. Matasanmu suna ganin hotunan irin waɗannan a Facebook da WhatsApp sai rai ya biya, a ce Kokeshiyan ne ko Alseshiyan ko Bowabul za a turo daga Legas ko Abuja. Don Allah ku yi hankali. Mafi yawansu a keji anka haife su, uwa ba ta taɓa ganin tunkiya ba, kaka ma haka. Ga wasunsu da gashi jibge a jiki, mu kuma nan Sakkwato daga Maris zuwa Mayu zafi na wuce digiri 40, kare mai irin wannan gashin haki zai wuni yana yi a gindin randa. Ga ci, abin da zai ci a wata sai ya fi kuɗin akuyar da kake son ya tsare. Kuma kada ka tura wa kowa kuɗi a kan hoto, an sha damfarar mutane haka.

Abin da kake nema yana kusa da kai. Je ka ruga, ko wurin Buzaye masu tumaki, ko wani mai garke da ka san karenshi na kwana cikin dabbobi. Ranar kasuwa in ka je Kara ko Achida ko Illela ko Tangaza, tambayi masu kawo tumakin Uda da Balami wa ke da karyar da ta haihu ko ta kusa. Wajen iyaka za ka ga dogayen karnukan nan sirara masu gajeren gashi irin na yankin Azawak, tsakanin Nijar da Mali, Buzaye sun daɗe suna aje su don gadin zango da dabbobi, suna jure zafi da tafiya, sai dai da yake ana farauta da su ma, sai ka duba da kyau wane hali uwar take da shi.

Nan ne nake son ku tsaya, don nan ne aikin yake. Ka je da kanka da marece lokacin da dabbobi ke dawowa, ka zauna gefe ka yi kallo. Ina karyar take kwanciya, cikin garke ko bakin murhu? In ta ratsa cikin tumaki suna watsewa ne ko ko kai ba su ɗagawa? Da ka iso ta yi maka haushi, da mai ita ya tsawata ta yi shiru, ko sai da anka riƙe ta? Wadda ba ta jin maganar mai ita kada ka ɗauki ɗanta ko kyauta ne. Tambayi makwabta ko ta taɓa cizon yaro ko cin kaza, su za su gaya maka abin da mai ita ba zai faɗa ba. Cikin 'ya'yan kuma kada ka ɗauki wanda ya fi kowa rawar kai yana cizon 'yan uwanshi, kada kuma ka ɗauki mai ɓuya yana kyarma. Jefa ɗan tsumma gabansu, wanda ya bi shi da ido ya zo a hankali ya shinshina ya fi wanda ya daka mai wawa. Ɗaga leɓenshi ka ga dasashi, ya zama ja-ja ba fari fat ba, ido ba kwantsa, ciki bai kumbura ba, ba zawo, balle zawo mai jini. Kuma kada a raba shi da uwa kafin sati 8.

Ranar da ka kawo shi, garke zai sauka, ba tsakar gida ba. Daga sati 8 zuwa 16 shi ne lokacin da kwikwiyo ke shaƙuwa da abin da ya tashi ya gani, in yara ne sunka ɗauke shi suna wasa da shi to karen yara ka samu, da ka kai shi garke zai dawo gida. Yi mai ɗan lungu da kara ko tsohon kwando inda zai shige in tunkiya ta kawo mai karo, ka haɗa shi da dabbobi masu haƙuri, ban da mai sabuwar haihuwa. Can za ka kai mai abinci da ruwa cikin kwanonshi na daban, a inuwa. Amma fa ya san ka, ya saba da igiya da taɓawa, don wata rana sai an riƙe shi an yi mai allura. Wajen wata 5 zuwa 10 zai fara bin 'yan awaki da wasa yana jan kunne, tsawata mai nan take ka raba su, ba sai da duka ba. Saba mai da kaji ya fi wahala. Kada ka sakankance ka bar shi da jariran dabbobi shi kaɗai sai ya kai shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Kare mai jin yunwa ba ya gadi, bola zai tafi. Tuwo da ƙanzo kaɗai ba su isa ba, a haɗa da nono ko kan kifi ko dafaffen nama. Dafaffe na ce. Kada ku jefa mai ɗanyen kan tunkiya ko huhu da hanta masu ƙullutun ruwa daga mahauta, ko mushe, don ta nan yake ɗaukar tsutsar da ƙwanta ke fita cikin kashinshi ya zuba a ciyawa, tunkiya ta ci, ƙullutu ya fito mata a ƙwaƙwalwa ka ga tana ta juyi wuri ɗaya har ta mutu, kuma akwai irin tsutsar da ke kama mutum ma. Maganin tsutsa duk bayan wata uku, a riƙa duba kaska a kunne da tsakanin yatsu.

Wata gaskiya kuma da ya zama dole in faɗa, kare zai kori dila, zai tashe ka in ɓarawon dare ya taɓa shinge, amma ba zai tare masu bindiga ba, kada wani ya dogara da shi ya fita cikin duhu. Shinge mai kyau da rufe dabbobi da dare suna nan yadda suke. Ka kuma sanar da makwabta da mai unguwa cewa ka aje kare, ka ɗaure shi da rana in akwai hanyar yara kusa.

Sai allurar haukar kare, wadda in ba za ka yi ba gara ka haƙura da karen gaba ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum kusan 59,000 ke mutuwa duk shekara da ciwon ga, kusan duka ta cizon kare, da yawansu yara ne, kuma in alamu sun bayyana ba a tashi. Ana yin allurar yana wata 3, sannan duk shekara, akwai kuma ta zawon jini da ake farawa tun yana sati 6 zuwa 8. Ku je asibitin dabbobi na gwamnati ko na koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ku karɓi kati ku adana, allurar da ba a cikin sanyi anka riƙe ta ba kada ku yarda da ita. In ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana har minti 15, a tafi asibiti ranar nan take, ba sai an jira a ga abin da zai faru ba. Shi kuma karen a killace shi kwana 10 ana dubawa, in ya canza hali ko yawu na zuba ko ya mutu, kada a taɓa shi da hannu, a kira likitan dabbobi.