Jan wayar lantarki ta cikin bango zuwa ɗakin ƙasa

Jan waya ta cikin bango hanya ce ta kai wuta daga akwatin rarraba wuta zuwa wani ɗaki ba tare da wayar ta fito fili ba. Ɗakin ƙarƙashin ƙasa ba shi da yawa a Bauchi da Gombe. Inda ya samu, galibi sito ne ko ma'ajiyar batiran sola, kuma yadda ake saukar masa da waya haka ake saukar wa ƙasan bene. Wutar da JED, kamfanin rarraba lantarki na Jos, ke rabawa a jihohin biyu mai ƙarfin bolt 230 ce.

Masu wayarin ba sa binne waya tsirara a filasta. Sai an fara sa bututun roba mai faɗin milimita 20, ko 25 idan wayoyin da yawa. Fitilu suna ɗaukar waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5, soket 2.5, na'urar sanyaya ɗaki babba kuwa 4. Kowane layi waya uku ne: ta wuta, ta komawa da ta ƙasa, wadda ke zubar da wutar da ta yi yoyo cikin ƙasa. A tsohon tsari launinsu ja, baƙi da kore. A sabo ruwan ƙasa, shuɗi da kore mai ratsin rawaya.

Bayan an kashe wuta an kuma gwada, ana shata layi a miƙe daga sama zuwa ƙasa, a tsaga da injin yanka, a ƙarasa da guduma. Zurfin tsagar tsaye kada ya wuce kashi ɗaya cikin uku na kaurin bangon, ta kwance kuma ɗaya cikin shida. Bulo mai inci 6 bai da jimiri, bugu mai ƙarfi kan fasa shi har ɗaya gefen. Layin da aka karkata shi ne ƙusa ke samu daga baya.

Wahalar aikin tana wurin ƙetare dakin, wato kankaren da ya raba sama da ƙasa. Ana huda shi dab da bango, nesa da ginshiƙi da bim, kuma in bakin injin ya ci karo da rodi sai a matsa gefe, ba a yanke shi. Shi ya sa gara a binne bututun tun ranar zuba kankare. Lanƙwasa mai kusurwa kada ta wuce biyu tsakanin akwati da akwati, in ba haka ba waya ta maƙale. Ana zura igiyar jan waya daga sama, a ɗaure wayoyin uku a naɗe da tef, mutum ɗaya yana turawa, wani yana ja daga ƙasa a hankali. Fizga tana saɓule rigar waya inda ido ba ya gani. Ba a haɗa waya biyu a cikin bututu, sai a akwati.

Damshi shi ne abokin gabar ɗakin ƙasa, musamman a watan Agusta. Bututun da bakinsa ke buɗe kan zama magudana, ruwa ya bi shi har cikin soket. Don haka ana liƙe mahaɗa da gam, a toshe baki, a ɗaga soket sama da inda ruwa kan kai, a kuma sa na'urar da ke katse wuta idan yoyonta ya kai miliam 30, wato ɗan ƙaramin ma'aunin gudun wuta. Kafin a yi filasta ana auna rigar wayar da mega, na'urar da ke gwada ko rigar tana hana wuta yoyo, a bolt 500. Idan abin da na'urar ta nuna ya gaza megom 1, sai a zare wayar a sake.