Rayuwar Iyali a Waje Lokacin Hunturu a Ƙasar Norway

A ƙasar Norway da ke arewacin Turai, hunturu lokaci ne da iyalai ke fita daji da kan duwatsu tare da 'ya'yansu, duk da cewa dusar ƙanƙara takan lulluɓe sassa da yawa na ƙasar watanni a jere. Mutanen ƙasar suna kiran wannan ɗabi'a friluftsliv, wato rayuwa a sarari, kuma ginshiƙinta a hunturu shi ne tafiya a kan allunan zamiya, dogayen alluna biyu da ake ɗaurawa a ƙafa, ana dogara sanduna biyu.

Yanayi

Gaɓar teku ba ta kai cikin ƙasa sanyi ba, saboda ruwa mai ɗumi da ke gangarowa daga kudu ta Tekun Atalantika. Sanyi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a ƙasar shi ne digiri 51.4 ƙasa da sifili, a garin Karasjok na yankin Finnmark, a 1886. A birnin Tromsø kuwa rana ba ta fitowa tun daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu.

Tarihi

Allunan zamiya sun fara ne a matsayin abin tafiya da farauta, tun kafin su zama abin nishaɗi. An samu zane-zane a jikin duwatsu a arewacin ƙasar da ake kyautata zaton shekarunsu sun kai dubbai, ko da yake masana ba su daidaita a kan takamaiman lokacinsu ba. Al'ummar Sami, waɗanda ke kiwon wata irin barewa mai jure sanyi, sun daɗe suna bin garkensu a kan irin waɗannan alluna.

Labarin da ya fi shahara shi ne na wajajen shekarar 1206, lokacin yaƙin basasa, inda aka ruwaito cewa wasu mayaƙa biyu na ɓangaren Birkebeiner sun tsere da ɗan sarki, Haakon Haakonsson, yana ɗan ƙarami, suka ƙetare duwatsu da shi cikin tsananin sanyi don kada abokan gaba su kashe shi. Yaron ya girma ya hau gadon sarauta. Domin tunawa da wannan, tun 1932 ake yin tseren kilomita 54 tsakanin garuruwan Rena da Lillehammer, kuma wajibi ne kowane mai tsere ya goya jaka mai nauyin aƙalla kilo 3.5 a madadin yaron.

A ƙarni na 19 ne abin ya rikiɗe ya zama wasa. Sondre Norheim, mutumin ƙauyen Morgedal a yankin Telemark, ya yi fice a wata gasa da aka yi a babban birnin ƙasar a 1868, kuma ana danganta masa gyaran maɗaurin da ke riƙe diddige, wanda ya sa juyawa a gangare ya yi sauƙi. A shekarar ce aka kafa ƙungiyar masu yawon duwatsu ta DNT, wadda a yau take kula da ɗakunan kwana fiye da 500 a dazuzzuka da tsaunuka. Bayan Fridtjof Nansen, wani ɗan ƙasar mai balaguron bincike, ya ratsa tsibirin Greenland a kan alluna a 1888, mutanen birni suka rungumi abin, har ya zama abin alfaharin ƙasa a daidai lokacin da Norway ke neman rabuwa da Suwidin, wanda ta samu a 1905. An fara gasar Holmenkollen a gefen Oslo a 1892.

Doka

Abin da ya sa talaka da mai kuɗi suke tarayya a wannan rayuwa shi ne tsohon haƙƙin kowa na ratsa daji, wanda aka sanya cikin doka a 1957. Kowa yana iya tafiya a ƙasar da ba a nomawa ko da mallakar wani ce, yana kuma iya kafa tanti na kwana biyu, muddin ya bar tazarar mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki. A hunturu haƙƙin yakan ƙara faɗi, domin an yarda a ratsa gonaki idan ƙasa ta daskare ko dusar ƙanƙara ta rufe ta. Doka ce mai adalci, kuma ba don ita ba da al'adar ta zama ta masu filaye kaɗai.

Yara da iyali

Tun yaro yana jariri ake saba masa da sanyi. Ba abin mamaki ba ne a ga jarirai suna barcin rana a waje cikin kekensu, an naɗe su a buhun barci da fatar tunkiya. Shigar yara hawa-hawa ce: rigar ulu a jikin fata, wata mai kauri a bisanta, sannan doguwar riga mai haɗe da wando wadda iska da ruwa ba sa ratsawa. Ana guje wa auduga, domin idan ta jiƙe da gumi takan riƙe laima ta sanyaya jiki. Wanda bai iya tafiya ba, uwa ko uba sukan ja shi a wani ƙaramin akwatin zamiya da ake ɗaurawa a ƙugu.

Ranar Lahadi ce ranar fita, kuma hutun Ista shi ne ƙololuwar lokacin, sa'ad da rana ta dawo amma dusar ƙanƙara ba ta narke a kan tsaunuka ba. Iyali kan haƙa wurin zama a cikin dusar su fuskanci rana, a hura wuta a gasa nama, a sha koko mai zafi daga filas, a ci lemo da cakulan Kvikk Lunsj, wanda kamfanin Freia ya fara yi a 1937. Da daddare akwai hanyoyin zamiya masu fitilun lantarki a kusa da garuruwa. A Finnmark ana kamun kifi ta ramin da aka huda a kan tafkin da ya daskare.

Haɗari

Duwatsun ba sa yafe sakaci. A hutun Ista na 1967 mutane 18 sun rasu a can, abin da ya sa DNT da ƙungiyar Red Cross suka ƙarfafa wayar da kai a kan ƙa'idojin tafiya, ciki har da sanar da wani inda za a je, da lura da hasashen yanayi da zaftarewar dusar ƙanƙara, da kuma juyawa gida da wuri ba tare da jin kunya ba.

Saɓani

Ana taƙaddama a kan yawan gina gidajen hutu a wuraren kiwon bareyi, da kuma baburan ƙanƙara, waɗanda doka ta taƙaita tun 1977 amma aka fi sassauta wa a arewa. Ɗumamar yanayi kuma tana rage kwanakin dusar ƙanƙara a wurare masu kwari na kudancin ƙasar.