Waiwaye: Yadda aka rarraba ƙasar Kano da yadda ake ƙirga mutanenta

Kafin Turawa su ci Kano a watan Fabrairun 1903, yawancin hakimai a cikin birni suke zaune, kusa da Sarki. Garuruwan hakimi a warwatse suke, wani a gabas wani a yamma, jakadunsa ne ke zagayawa suna karɓo kuɗin ƙasa da jangali. Wannan tsari bai yi wa Bature ba, domin yana son ya san wanda zai riƙe idan haraji ya gaza. A zamanin Sarki Abbas, wajajen 1907 zuwa 1908, Razdan Cargill ya haɗe ƙauyuka maƙwabta wuri guda, aka tura kowane hakimi ya tare a ƙasarsa. Shi ya sa Kanawa suka yi wa Cargill laƙabi da Mai Gunduma. Har yau Madaki na Dawakin Tofa, Makama na Wudil, Sarkin Bai na Dambatta.

Daga nan ƙidaya ta shiga rayuwar talaka. Mai unguwa ya kai wa dagaci sunayen baligai, dagaci ya kai wa hakimi, malamin haraji ya rubuta, kuɗi ya wuce baitulmalin En'e, wato hukumar gargajiya. Tunda ƙirga na nufin biya, sai magidanci ya ɓoye ɗansa da ya tasa, Bafulatani kuma ya kaɗa shanunsa daji idan lokacin jangali ya zo. Wanda ya gaza biya ya sha wulaƙanci, wasu ma gudun haraji ne ya raba su da garinsu. Sai a 1979 Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali.

Iyakokin kuwa ba su taɓa zama wuri ɗaya ba. Lardin Kano na farko har da Katsina da Katagum a ciki, kafin a cire su a 1926. A 1967 lardin ya zama jiha, a 1976 aka rushe En'e aka kafa ƙananan hukumomi, a 1991 aka yanke Jigawa. Tun 1996 Kano ke da ƙananan hukumomi 44, Jigawa 27.

A wannan tsakani ne lissafi ya juya. Da kuɗin mai ya zama abin da ake rabawa daga tarayya, yawan jama'a da yawan ƙananan hukumomi suka zama hanyar samun kaso da kujerun majalisa. Wanda jiya yake ɓoye iyalinsa, yau roƙonsa ake ya fito a ƙirga shi. Ƙidayar 1963 ta ba Lardin Kano mutum kusan miliyan 5.8. Ta 1973 an soke ta saboda rigima. A 1991 Kano kaɗai ta sami miliyan 5.8, Jigawa kusan miliyan 2.9. A 2006 aka ce Kano na da miliyan 9.4, Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ce sam ba ta yarda ba, ga shi kuma ƙananan hukumominta 20 ne kacal a tsarin mulki. Wannan gardama ba ta mutu ba har gobe.

Amma ni abin da ya fi damuna yana cikin gida. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Nassarawa ta birnin Kano na da mutum kusan dubu 600, Tofa kuwa ba ta kai dubu 100 ba, alhali kowacce ƙaramar hukuma guda ce mai shugaba guda. Tun daga lokacin birni ya malala Kumbotso da Ungogo, gonaki sun koma unguwanni cunkushe, ana neman aji da gadon asibiti da ruwan famfo, ana kuma yi musu kasafi bisa hasashen da aka ɗora kan tsofaffin alƙaluma. Ƙidayar da aka shirya yi a 2023 an ɗage ta.

Duk da haka rabon ƙasa bai tsaya jira ba. A 2019 Gwamna Ganduje ya kafa masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye, ya raba musu ƙananan hukumomi. A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya rushe su, daga baya aka maido Rano, Gaya da Ƙaraye a matsayin masu daraja ta biyu. Sau uku ke nan aka sauya wa dagatai da masu unguwanni inda za su kai gaisuwa, ba tare da an sake ƙirga mutanen da suke riƙe da su ba.