Taswira a Kwamfutar Mutum Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi kan Shigar da GIS cikin Tsarin Ma'aikata

Ma'aikatu da dama a Maraɗi sun riga sun mallaki taswirar kwamfuta, wato GIS. Ofisoshin magajin gari, hukumomin filaye, ma'aikatan ruwa da na kiwon lafiya, har da ƙungiyoyin agaji, kowa da abin da ya tara. Sai dai sau da yawa taswirar tana zaune ita kaɗai a kwamfutar ma'aikaci guda, babu ruwanta da rajistar haraji, babu ruwanta da takardun filaye. Tambayoyin nan su ne suka fi tasowa idan aka kawo zancen haɗa ta da sauran tsarin kwamfutocin ma'aikata.

Shi kansa GIS ɗin mene ne?

Tsari ne na ajiye bayani tare da wurin da abin yake a doron ƙasa. A Nijar an fi saninsa da SIG, yadda ake taƙaita shi da Faransanci. Rijiya ko makaranta ana riƙe ta a matsayin ɗigo, hanya ko bututun ruwa ko burtali a matsayin layi, fili da gona da unguwa kuwa a zana kewayensu. Bayan kowane zane akwai teburin bayani: zurfin rijiyar, shekarar da aka gina ta, ko tana aiki ko ta ƙafe. Roger Tomlinson ne ya jagoranci gina na farko a Kanada cikin shekarun 1960, don ƙididdige ƙasar noma da dazuzzuka. Taswirar da ake bugawa a manna a bangon ofis sakamako ce kawai, dukiyar tana cikin teburin.

Me ya sa tun farko ya zama saniyar ware?

Tarihi ne ya jawo. Lokacin da kamfanin Esri ya fitar da manhajar taswira ta ARC/INFO a 1982, sai da manyan na'urori masu tsada da ƙwararre na musamman, kuma bayanan suna cikin irin fayil ɗin da sauran manhajoji ba sa karantawa. Sai aka saba ware wa masu taswira ɗakinsu.

A wajenmu akwai ƙarin dalili. Galibi ta hanyar furoje abin yake shigowa. Furoje ya sayi kwamfuta da na'urar GPS, ya horar da mutum ɗaya ko biyu, a zagaya ƙauyuka a ɗauki ɗigogi. Wa'adi ya cika, a rufe, lasisin manhaja ya ƙare, wanda aka horar a yi masa canjin wurin aiki zuwa Yamai ko Damagaram. Bayan ƴan shekaru wani furojen ya zo, ya sake biyan mai da kuɗin hanya don ƙirga rijiyoyin da aka riga aka ƙirga. Ba mugunta ba ce, ba a taɓa ba bayanan mazauni ba ne a ma'aikatar.

To me ake nufi da shigar da shi cikin tsari?

Ana nufin bayanan taswira su bar fayil-fayil ɗin da ke warwatse su koma rumbun bayanai guda, a babbar kwamfutar ma'aikata da ake kira saba, inda sauran bayanan aiki suke. Sunan shiga da kalmar sirri ɗaya, ajiyar kwafi ɗaya, kuma kuɗin kula da shi ya shiga kasafin shekara. Fasahar ta daɗe da samuwa. PostGIS, wanda ke bai wa rumbun PostgreSQL ikon riƙe ɗigo da layi da kewaye, ya fito tun 2001. Rumbun Oracle na da nasa, na SQL Server ma ya samu a 2008. Ƙungiyar OGC da aka kafa a 1994 ta tsara ƙa'idoji irin su WMS da WFS, waɗanda ke sa manhajar wani kamfani ta iya karɓar taswira daga ta wani. Da manhaja irin GeoServer, ma'aikacin da bai taɓa koyon zanen taswira ba zai buɗe ta daga kujerarsa kamar yadda yake buɗe shafin intanet.

A ce wata baiwar Allah ta zo ofishin filaye da takardar gidan da mijinta ya bar mata a unguwar Zariya, takardar ta tsufa, an liƙe tsakiyarta da salatif. A halin da aka saba, sai a ce mata, “Hajiya, ki yi haƙuri, mai taswira ya fita, ki dawo ranar Litinin.” Idan an haɗa tsarin, wanda ke taga zai buga lambar filin, ya ga wurinsa da girmansa, da sunan da ke rajista, da ko an biya haraji, da ko akwai wani da ya taɓa kawo takarda a kan wannan filin. Na ƙarshen nan shi ne babba, don fili ɗaya mai takarda biyu ya raba zumunci da yawa.

Muna aiki da Excel, muna miƙa wa juna fayil a kile (USB). Ina laifin haka?

Babu laifi muddin mutum ɗaya ne ke aikin. Da an zama uku, kwafi ya zama uku, kowa na gyara nasa, kuma kowa ya rantse nasa ne na ƙarshe.

Shapefile, nau'in fayil ɗin taswira da aka fi yawo da shi, ya fito tun farkon shekarun 1990 kuma tsufansa ya nuna. Ba fayil ɗaya ba ne, aƙalla uku ne masu ƙarewa da shp, shx da dbf, in ɗaya ya ɓace sauran ba su da amfani. Na huɗu mai ƙarewa da prj shi ke faɗin ma'aunin da aka yi amfani da shi wajen nuna wuri a doron ƙasa, kuma shi aka fi mantawa wajen turawa. Sunan kowane ginshiƙin tebur ba ya wuce harafi 10, girman fayil kuma ba ya wuce gigabait 2.

Excel kuma nasa tarkon daban ne. Kwamfutar da aka saita da Faransanci tana rubuta 13,5 da waƙafi, wadda aka saita da Ingilishi tana rubuta 13.5 da aya, kuma wajen wucewa daga wannan zuwa waccan lambar na iya komawa rubutu zalla. Ga kuma juya ginshiƙai. Maraɗi tana wajen digiri 13.5 arewa da 7.1 gabas. In aka musanya su, ɗigon zai sauka a ƙasar Kamaru, kusa da Ngaundare. Rumbun bayanai ana iya sa masa sharaɗi ya ƙi karɓar duk ɗigon da ya faɗa wajen iyakar jiha, Excel kuwa duk abin da aka ba shi karɓa yake.

Wane ne aiki mafi wuya a ciki?

Lamba. Girka manhaja aikin ƴan kwanaki ne, amma sa kowane fili, kowace rijiya da kowane gari su samu lamba guda da duk ofisoshi suka yarda da ita, nan ake shan wahala. Suna ba ya haɗa tebur biyu. Wani zai rubuta Guidan Roumdji, wani Gidan Rumji, wani ya taƙaita, kwamfuta kuwa garuruwa uku take gani. Tibiri akwai ta Gobir a nan kusa da mu, akwai wata a jihar Doso. Sabon Gari kuwa Allah kaɗai ya san adadinsu.

Don garuruwa ba sai an ƙirƙiro sabon abu ba. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa, INS, tana da kundin garuruwa mai suna RENALOC, gara a jingina da shi. Ma'aikatar lafiya ma tana tattara rahotannin gidajen likita a manhajar DHIS2, inda kowace cibiya ke da lambarta, don haka mai zana taswirar asibitoci ya ɗauki waɗannan lambobin. Filayen gari su ne masu ciwon kai: sunan yankan filaye, lambar rukuni da lambar fili dole a haɗa su wuri guda su zama lamba ɗaya, a kuma yanke tun yanzu abin da za a yi ranar da magada suka raba gida biyu. A ganina tsohuwar lambar a rufe ta, a bar ta a tarihi, a fitar da sababbi biyu. Sake amfani da tsohuwa shi ke ɓatar da sawu.

A karkara, dokar Code Rural ta 1993 ta kafa hukumomin filaye, daga na ƙauye zuwa na kumin da na gunduma. Takardun gonaki da burtalai da suke bayarwa su ma suna buƙatar lamba ɗaya da zanen da ke taswira, in ba haka ba ranar rikicin manomi da makiyayi takarda na faɗin wani abu, taswira na nuna wani.

Me ya sa taswira biyu na wuri ɗaya ba sa hawa kan juna?

Yawanci bambancin ma'auni ne. GPS na aiki da ma'aunin WGS 84, a digiri. Don auna tsawo da faɗi da mita ana amfani da ma'aunin UTM, wanda ya raba duniya yanki-yanki, kuma Maraɗi tana yanki na 32 arewa, wanda ya kama daga digiri 6 zuwa 12 gabas, alhali Yamai da birnin Tawa suna na 31. Fayil ɗin da aka shirya a Yamai aka manta canza yankin zai jefa komai ɗaruruwan kilomita nesa. Tsofaffin taswirorin zamanin Faransa kuma an gina su a kan wani ma'auni daban, sai an juya su. Ma'aikata ta zaɓi ma'auni ɗaya ta rubuta shi a takarda, in akwai shakka a tuntuɓi IGNN, cibiyar taswira ta ƙasa.

Wani abin kula: GPS ɗin wayar hannu yana kuskure da ƴan mitoci ko da a fili ne. Ya isa a nuna inda fanfo yake. Bai isa a tsayar da iyakar gida ba, wannan aikin masu awon ƙasa ne da na'urorinsu.

Wa zai riƙe shi, masu kwamfuta ko masu taswira?

Kowa da nasa. Masu kula da kwamfutoci su riƙe saba, izinin shiga, tsaro da ajiyar kwafi. Mai taswira ya tsara ma'auni da ƙa'idar shigar da bayani. Amma gyaran bayanin kansa na sashen da ke aikin ne: masu ruwa su gyara bututu, masu filaye su gyara fili. Inda aka ɗora duka a kan mai taswira, sai ya zama magatakardan kowa, bayanin kuma ya tsufa a teburinsa yana jiran layi.

Wuta na ɗaukewa, rezo na yankewa. Anya abin zai yiwu a nan?

Zai yiwu in an gina shi da sanin haka. Yankinmu ya daɗe yana shan wutar da ke zuwa daga Najeriya ta layin Katsina, kuma an ga abin da ya faru a watan Agustan 2023 da aka yanke ta bayan takunkumin CEDEAO. Saba da ke cikin ofis tana buƙatar batir da hasken rana, da ɗaki mai sanyi a zafin Afrilu, da kariya daga ƙurar hunturu. Wadda aka yi haya a intanet ta huta da waɗannan, amma ranar da rezo ya tafi ofis ya tsaya, kuma ana biya da kuɗin waje. Ga ofis mai karɓar jama'a kullum, na fi karkata ga saba a gida, da kwafin da ake ajiyewa a wani gini daban. Kwafin kuma a riƙa gwada dawo da shi lokaci-lokaci.

Masu fita ƙauye ba sa buƙatar rezo. Manhajojin KoboToolbox da QField suna ɗaukar bayani a waya babu intanet, a tura in an dawo. GeoPackage, wanda OGC ta amince da shi a 2014, fayil ɗaya ne tak, ya fi shapefile sauƙin ɗauka.

Nawa zai ci?

QGIS, manhajar taswira da aka fara a 2002, da PostGIS da GeoServer duk kyauta ne, haka hotunan tauraron Sentinel-2 masu nuna ƙasa mita 10-10 da bayanan OpenStreetMap. ArcGIS, manhajar Esri, na kuɗi ne, kuma yana da tallafin kamfani. Ko wanne aka ɗauka, kuɗin gaske yana tafiya ne wajen tsabtace tsofaffin bayanai, horar da mutum fiye da ɗaya, da man fita sabunta bayani duk shekara. Ɗalibai masu karatun ilimin ƙasa da aikin gona a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo suna nan cikin gari, kuma aikin tsabtace bayani irin wanda za su iya ne a lokacin gwajin aiki.

Idan kowa na iya buɗewa, ina sirrin jama'a?

Haɗawa ba ta nufin kowa ya ga komai. Rumbun bayanai ma ya fi kile tsaro, don ana iya ba wani izinin gani kawai, wani izinin gyara, a kuma san wanda ya taɓa me da ranar da ya taɓa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai sa ido a kai. A kudancin jihar nan, wajen Madarumfa da Gidan Rumji inda satar mutane da dabbobi ta addabi jama'a, taswirar da ke nuna gida-gida da sunan mai gida da yawan shanunsa ba abin turawa a WhatsApp ba ce. Wadda za a fitar waje a tara ta bisa gari ko unguwa, a cire sunaye.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga tambaya ɗaya da ofis ke shan wahalar amsawa. A birnin Maraɗi ruwa misali ne mai kyau. Ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashi tsohon gari daga kwarin Gulbi aka hau tudu, kuma daminar 2024 ta sake rushe gidaje masu yawa. Wace magudana ce ta toshe, yaushe aka yashe ta, gidaje nawa ne ke ƙasanta? A tattaro duk fayil ɗin da ke kwamfutoci da kile-kile a kan wannan batu kaɗai, a zaɓi mafi inganci, a ba kowace magudana lamba, a zuba a rumbu guda, a naɗa sashen da zai riƙa sabuntawa kafin kowace damina. Daga ranar da aka zuba, tsofaffin fayil ɗin a kulle su ta yadda ana iya buɗewa a duba amma ba a iya gyarawa. In wannan ya zauna, sai a matsa zuwa rumfunan kasuwa da harajinsu, sannan filaye.