Alamomin farko na sikizofiraniya a matasa masu ciwon damuwa

Sikizofiraniya ciwon ƙwaƙwalwa ne da ke rikita tunani, har mutum ya riƙa jin muryoyin da babu mai su, ko ya kafe kan abin da ba shi da tushe. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kama kusan mutum 1 cikin 300. Yakan ɓullo daga ƙarshen balaga zuwa shekara ashirin da ɗoriya, kuma maza kan riga mata. Kafin ya fito fili akwai lokacin share fage, wanda sau da yawa yakan shigo da rigar ciwon damuwa.

Tarihi

Likitan Jamus Emil Kraepelin ya siffanta ciwon a ƙarshen ƙarni na 19, sannan Eugen Bleuler ɗan Suwizalan ya raɗa masa sunansa na yanzu a 1908. An daɗe ba a kula da mafarinsa ba. Wajen shekarun 1990, binciken likita Heinz Häfner a birnin Mannheim na Jamus ya nuna cewa baƙin ciki na cikin alamun da ke riga zuwa, kuma share fagen kan ɗauki kimanin shekara 5. A 1994 aka buɗe asibitin PACE a Melbourne ta Ostiraliya, inda Alison Yung da Patrick McGorry suka tsara ma'aunin gane matasan da ke bakin gaɓa.

Alamomi

Keɓe kai, rashin barci, koma baya a karatu da watsi da tsafta duk ana ganin su a ciwon damuwa zalla, saboda haka ba su isa hujja ba. Abin da likitoci suka fi sa wa ido daban ne. Matashi ya ji an kira sunansa, ya waiwaya bai ga kowa ba. Inuwa ta gilma masa ta gefen ido. Ya fara zargin cewa dariyar mutanen da ke can nesa da shi ake. Yana tsaka da magana zancen ya kuɓuce masa, fuskarsa kuma ta daina nuna murna ko ɓacin rai. A wannan mataki yakan yi kokwanto, ya ce wataƙila kunnensa ne. Gushewar kokwanton ce ke nuna ciwon ya kankama.

Haɗarin ya fi yawa ga wanda ke da mai ciwon cikin iyaye ko 'yan uwa na jini, da mai yawan shan tabar wiwi tun yana ƙarami.

Makoma

Akasarin masu waɗannan alamu ba sa kamuwa. Bincike ya nuna kimanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku ne ke kaiwa ga taɓin hankali cikin shekara 3. Ana da saɓani kan ba da magani tun kafin ciwon ya tabbata. Hukumar NICE, mai tsara ƙa'idojin jinya a Birtaniya, ta fifita jinya ta hanyar tattaunawa da bibiyar likitan ƙwaƙwalwa.