Tambayoyi da Amsoshi Kan Farashin Tsofaffin Kayan Ɗaki, Agoguna da Kayan Tarihi a Gwanjo

Lokaci zuwa lokaci akan ji a labarai cewa an sayar da wata tsohuwar kujera ko wani agogon aljihu a Landan ko Janeba a kan kuɗin da zai gina asibiti, sai mai sauraro ya riƙe baki, wani kuma ya fara yi wa kabad ɗin da ya gada kallon dukiya. Ga bayani a kan yadda waɗannan farashi suke samuwa da kuma abin da suke nufi.

Wane irin kaya ne ake ɗauka a matsayin tsohon kaya mai daraja?

A al'adar dillalan Turai da Amurka, da kuma ƙa'idar kwastam ta ƙasashe da dama, sai kaya ya cika shekara 100 kafin ya shiga sahun tsofaffin kaya na ainihi. Wanda bai kai haka ba, amma ya kwana biyu har yayinsa ya wuce, kamar kujerun shekarun 1950 da 1960, yana da nasa rukuni da nasa masu saye. Akwai kuma kayan tarawa, irin su kan sarki da tsabar kuɗi da lambobin yabo, waɗanda ƙarancinsu ya fi shekarunsu muhimmanci. Wannan rabe-rabe dai na tsara kasuwa ne kawai, domin tebur mai shekara 200 yana iya rasa mai taya shi a ranar da kujera mai shekara 60 ta tashi a kan dubban fam.

Wa ke yanke farashin?

Babu mutum ɗaya da ke yanke shi. Kafin ranar gwanjo, masanan gidan gwanjon sukan duba kayan su fitar da ƙiyasi mai hawa biyu, na ƙasa da na sama, su buga shi a kundin kayan da za a sayar. A ɓoye kuma akwai wani adadi da mai kaya da gidan suka yi yarjejeniya a kai, wanda idan tayi bai kai shi ba ba za a sallama ba, kuma bisa al'ada ba ya wuce ƙiyasin ƙasa. Ranar gwanjo sai mai guduma, wato mai jagorantar gwanjon da ke buga guduma idan an sallama, ya buɗe da ƙaramin adadi, masu saye su riƙa ɗaga hannu a zauren, wasu ta wayar tarho, wasu ta intanet, har a kai inda kowa ya janye sai mutum ɗaya.

Abin lura a nan shi ne, wanda ya zo na biyu ne yake tsayar da farashi. Mai nasara yana biyan abin da ya ɗara tayin abokin hamayyarsa da taki ɗaya ne kawai, ko da kuwa a ransa ya shirya biyan ninki uku. Saboda haka idan masu kuɗi biyu suka kafe a kan abu ɗaya, farashi yakan bar ƙiyasi nesa, idan kuwa ɗayansu bai halarta ba, abin nan dai yana iya komawa gida ba a sayar ba. A watan Fabrairun 2009, lokacin da gidan Christie's ya yi gwanjon kayan da Yves Saint Laurent da Pierre Bergé suka tara a birnin Faris, an ƙiyasta wata kujerar fata da Eileen Gray ta ƙera tsakanin 1917 da 1919 a kan yuro miliyan 2 zuwa 3, amma ta tashi a kan yuro miliyan 21.9, alhali duniya tana tsakiyar karayar tattalin arziki.

Adadin da ake sanarwa shi ne mai kaya yake karɓa?

A'a, kuma a nan ne mutane da yawa suke ruɗewa. Kamar yadda dillali a kara yake da la'adarsa idan an sayar da sa, haka gidan gwanjo yake da tasa, sai dai shi daga ɓangarorin biyu yake karɓa. Gidajen Sotheby's, wanda aka kafa a Landan a 1744, da Christie's, wanda aka kafa a 1766, sun shigo da la'adar mai saye a 1975 a kan kashi 10 cikin 100, kuma a yau ta kai wajen rubu'in farashi a kan kayan da ba su yi tsada sosai ba, tana raguwa idan kuɗin ya yi yawa.

A ɗauki misali da agogon bango da guduma ta faɗi a kansa a fam 1,000 a Ingila. Idan la'adar mai saye kashi 25 ce, zai ƙara fam 250, sannan harajin kashi 20 a kan la'adar ya ƙara fam 50, ya zama ya biya fam 1,300 kafin kuɗin dako. Shi kuwa mai kaya, idan an cire masa kashi 15, fam 850 ya rage masa, kuma daga ciki za a iya zare kuɗin ɗaukar hoto da inshora. Jaridu sukan ba da adadin da ya haɗa da la'adar mai saye, don shi ya fi girma, alhali ƙiyasin da ake kwatanta shi da shi ba ya haɗawa da ita. Wanda ya sayi agogon nan yau ya mayar da shi gwanjo gobe, ko da ya tashi a kan farashin jiya, ya yi asarar kusan sulusin kuɗinsa.

Girman wannan la'ada ya taɓa kai manyan gidajen biyu gaban shari'a. An gano sun haɗa baki wajen daidaita abin da suke cajin masu kaya, suka amince a 2000 su biya diyyar dala miliyan 512, kuma a 2001 kotu a Amurka ta sami tsohon shugaban Sotheby's, Alfred Taubman, da laifi.

Me ya fi ɗaga darajar kaya?

Sanin asalinsa, wato wa ya ƙera shi, don wa aka ƙera shi, kuma ta hannun wa da wa ya biyo, tare da takardun da ke tabbatar da haka. Kabad ɗin da ya fi kowane shahara a wannan fage shi ne na gidan Badminton, wanda aka ƙera a birnin Fulorens na Italiya a wajajen 1720 zuwa 1732 domin wani basaraken Ingila, Duke na Beaufort na uku. Tsayinsa ya kusa mita huɗu, an yi shi da baƙin katako, an jera masa duwatsu masu launi a siffar tsuntsaye da furanni, da agogo a samansa. Ya zauna a gida ɗaya fiye da shekara 250, don haka babu wanda ke shakkar tarihinsa. An sayar da shi a 1990 a kan fam miliyan 8.58, sannan a Disambar 2004 a kan fam miliyan 19, Yarima Hans-Adam na Biyu na Liechtenstein ya saye shi.

Wani lokaci sunan mai kayan ya fi kayan kansa nauyi. Agogon hannu samfurin Rolex Daytona na ɗan wasan fim Paul Newman, wanda matarsa ta ba shi kyauta da rubutu a bayansa tana gargaɗinsa ya yi tuƙi a hankali, ya tashi a kan dala miliyan 17.8 a gidan Phillips da ke New York a 2017. Agogon ƙarfe ne ba na zinariya ba, kuma 'yan'uwansa da suka fito daga masana'anta ɗaya ba sa kusantar wannan adadi.

Su agoguna fa, me ake dubawa a jikinsu?

Ana duba sunan maƙeri, da wahalar aikin injin, da kuma ko injin da gidansa tare aka yi su. Wannan na ƙarshe ya fi shafar dogayen agogunan katako da ake jinginawa da bango a gidajen Ingila, domin a tsawon ƙarni biyu ko uku an sha cire inji daga ruɓaɓɓen gida a dasa shi a wani. Masani yakan cire murfin sama ya duba katakon da injin yake zaune a kai, ya ga ko akwai ramukan ƙusa da ba su da aiki, ko an ƙara wani guntun katako don fuskar agogon ta daidaita da tagar gilashi. Idan ya ga haka, ya san haɗe-haɗe ne, kuma farashi yakan faɗi ƙwarai. Thomas Tompion, wanda ya rasu a 1713 kuma ake ɗauka a matsayin uban maƙeran agogo na Ingila, yakan buga wa agogunansa lamba, abin da ya sauƙaƙa bin diddiginsu har yau.

Ta fuskar wahalar aiki, agogon aljihun da kamfanin Patek Philippe ya ƙera wa wani ma'aikacin banki na New York mai suna Henry Graves, aka miƙa masa a 1933, yana yin ayyuka 24 ban da nuna lokaci, har da nuna taurarin da ke saman gidansa da dare. Ya tashi a kan dala miliyan 11 a 1999, sannan a kan wajen dala miliyan 24 a Janeba a 2014.

Ya kamata a gyara tsohon kaya kafin a kai shi gwanjo?

A mafi yawan lokaci bai kamata ba. Masu saye na gaske suna biyan kuɗi ne saboda duhun da katako ya yi da kansa, da zaizayar da hannaye suka yi wa marikin aljihun tebur, da alamun zarto da kurfi na hannu a bayan kaya inda ido ba ya kaiwa. Kafintan da ya kankare wannan ya shafa sabon man sheƙi, da kyakkyawar niyya, ya shafe shaidar da masani zai dogara da ita. Haka nan tsabar kuɗin da aka goge ta yi ƙyalli takan rasa mafi yawan darajarta.

Gaskiya ne cewa tsohon kaya kullum ƙara tsada yake yi?

Ba gaskiya ba ne, kuma a ganina wannan ita ce fahimtar da ta fi jawo wa mutane asara. Tun farkon shekarun 2000 farashin kayan ɗaki na katako mai duhu na Ingila, irin manyan teburan cin abinci da kabad-kabad na zamanin Sarauniya Biktoriya, ya yi ta sauka, saboda gidajen yanzu ƙanana ne, matasa sun fi son kaya marasa nauyi, magada kuma suna ta fito da kayan iyayensu a lokaci ɗaya. A ƙananan gidajen gwanjo na ƙauyukan Ingila akan sami tebur na ƙarni na 19 a kan abin da bai kai kuɗin sabo na shago ba. Kayan ƙoli kaɗan ne suka tsira, kamar kabad ɗin Harrington da ake dangantawa da shahararren maƙerin kayan ɗaki Thomas Chippendale, wanda ya kai fam miliyan 3.79 a 2010.

Ko abin da babu irinsa a duniya yana iya faɗuwa. Wani kan sarki na santi ɗaya da aka buga a Birtish Giyana, wato ƙasar Guyana ta yau, a 1856, wanda guda ɗaya tak ya rage, an saye shi a 2014 a kan kusan dala miliyan 9.5, aka sayar da shi a 2021 a kan dala miliyan 8.3.

To, a amince da duk adadin da aka ji a labarai?

Da hattara. A Nuwambar 2010 wani ƙaramin gidan gwanjo a wajen Landan ya sayar da wani tulun tangaram na ƙasar Sin na zamanin Sarki Qianlong, wanda aka tsinta ana kwashe kayan wani gida a unguwar Pinner. Guduma ta faɗi a fam miliyan 43, labari ya zagaya duniya, amma mai sayen bai biya ba, kuma daga baya an sayar da tulun a asirce a kan abin da rahotanni suka ce wajen rabin wancan adadi ne. Akwai kuma matsalar jabu, wadda ba ta bar manya ba: fadar Versailles ta Faransa da kanta ta sayi kujerun da aka ce na ƙarni na 18 ne, sai bincike ya nuna a 2016 cewa sababbi ne da aka haɗa da tsohon katako. A zauren gwanjo ma, doka a Ingila ta yarda mai guduma ya riƙa kiran tayi a madadin mai kaya har ya kusa kai adadin da aka ɓoye, don haka ba kowane tayi da aka ji ne yake da mutum a bayansa ba. Abin da doka ta haramta tun 1927 shi ne dillalai su haɗa kai su ƙi taya wa juna don kaya ya faɗi da arha su raba riba daga baya.

Wanda yake da tsohon kaya a Nijeriya zai iya aika shi gwanjo a waje?

Ya danganta da irin kayan. Tsohon agogon Turai ko kujerar da aka shigo da ita zamanin mulkin mallaka kayan kasuwa ne, kodayake kuɗin dako da inshora da la'ada sukan cinye ribar. Amma kayan tarihi na gida suna ƙarƙashin dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa, wadda ta haramta fitar da su ba tare da izini ba, ta kuma taƙaita cinikinsu ko a cikin gida. Dokar ta shafi abubuwan da aka tono daga ƙasa, kamar gumakan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna, da ayyukan hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918, da tsofaffin rubuce-rubucen hannu. Manyan gidajen gwanjo ma sun fara ɗari-ɗari da irin waɗannan kaya: a ƙarshen 2010 an janye wata fuskar hauren giwa ta masarautar Benin daga gwanjon da Sotheby's ya shirya, bayan ƙorafin cewa tana cikin ganimar da sojojin Ingila suka kwasa a 1897. Duk abin da ke da hauren giwa kuma yana da ƙarin shinge, domin tun watan Yunin 2022 Ingila ta hana cinikinsa sai a 'yan keɓaɓɓun halaye, kamar kayan da aka yi kafin 1947 waɗanda hauren bai kai kashi 10 cikin 100 na jikinsu ba, su ma sai an yi musu rajista.