Kano Zuwa Jidda: Tafiya Ba Ta Fi Dawowa Tsawo Da Awa Huɗu Ba

Alhazan Zariya da dama sukan ce zuwa Jidda awa bakwai ne, dawowa kuma awa uku. Agogo ne ke ruɗar mutane. Saudiyya tana gaban Najeriya da awa 2, kuma lokacin da ake rubutawa a tikiti na garin da aka tashi ne da na garin da za a sauka. Jirgin da ya bar Kano ƙarfe 10 na safe ya yi awa biyar a sama, zai sauka ƙarfe 3 a agogonmu, 5 na yamma a nasu. A dawowa kuwa sai awa biyun su ragu.

Nisan bai canza ba, kusan kilomita 3,400 ne a miƙe. Jirgin fasinja yana cin kamar kilomita 850 a awa, wato awa huɗu, sai a ƙara lokacin hawa da sauka. Iska takan jawo bambanci, amma na mintuna ne. Abin da ya tsawaita tafiyar da gaske shi ne rufe sararin samaniyar Sudan a 2023, da ya tilasta wa jirage zagaye.